Labule a Sauke

Unguwar Sarki, Kaduna,
9 ga Yuli, 1974.

Zuwa ga Yaya Delu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Yaya damina a Malumfashi?

Takardarki ta iso, faɗan da ke cikinta ma bai zube a hanya ba. Na san cikin fari a gaban iyaye ake haihuwarsa, na kuma san iyayen matata Hansai sun fara ƙorafi tunda ta shiga wata takwas ban kai ta ba. Amma Yaya, ke kina bayan katanga da zaure. Mu nan kwatas ɗin ma'aikata ne, tagar gilashi tana kallon titi. Ɓarayin yanzu kuma da rana tsaka suke aiki, lokacin da muke ofis. Gida uku aka fasa a layinmu wannan watan, har da na maƙwabcinmu Malam Bawa. Ko keken ɗinkin matarsa Balki ba a bari ba.

A ofis mun ajiye aikin gwamnati muna ta musun labule. Wasu sun ce a ɗage, ɓarawo ya zaci da mutum a ciki. Wasu sun ce a sauke, kada ya hango rediyo da jeren kwanuka. Ni na ce a sauke, kuma a bar mutum a ciki. Makullin kwatas da ƙusa suke buɗe shi, sakatar ciki ce take gagararsu, ita kuwa sai da mai sa ta. Don haka na umarci Hansai ta sa sakata, kada ta ɗaga labule, kada ta amsa wa kowa, don har mata ake turowa leƙen gida da sunan talla. Ta ce duhun ɗakin yana damunta. Ni ma raina ba daɗi, amma ya zan yi?

Rangadin kwana uku ya rage mini zuwa Zonkwa. Ina dawowa zan kawo ta da kaina. Ki ba su haƙuri.

Ƙaninki,
Yusha'u.

21 ga Yuli, 1974.

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Mu dai sai godiyar Allah. Hansai tana asibiti da ranta. Yaron bai zo da rai ba.

Ranar Alhamis da la'asar na dawo, na yi ta buga ƙofa, shiru. Malam Bawa ne ya zare gilashin taga muka shiga, ko minti biyu bai ɗauke shi ba. Muka same ta kwance a falo cikin jini. Tun safiyar Laraba santsi ya kwashe ta a banɗaki, ta ja jiki zuwa nan ta kasa gaba.

Balki ta zo sau biyu ranar Laraba, har da kunu a hannunta. Ta ga labule a sauke, ta ji gida tsit, sai ta ɗauka an kai Hansai gida haihuwa, tunda lokaci ya yi. Har murna ta yi. Jiya tana kuka take gaya mini da a ce akwai kafa ko ta yatsa biyu a labulen, da ta leƙa. Taku uku ne tsakanin tagar da inda Hansai take kwance. Na auna, Yaya.

Likita ya ce da a ranar aka kawo ta, da wataƙila an ceci yaron. Namiji ne. Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta, bai fi nauyin fayil ɗin ofis ba.

Ki yi mana addu'a.

Yusha'u.

2 ga Satumba, 1974.

Yaya Delu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya yara? Ki yafe mini shirun da na yi, ba ni da abin faɗa ne.

Kin ji mahaifin Hansai ya zo ya tafi da ita. Na so ya zage ni, sai ya yi mini godiyar ɗawainiyar asibiti. Kowa cewa yake ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma na san bakin da ya ba da umarnin nan.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da za su tafi na tambaye ta ko ta ji bugun ƙofar Balki. Ta ce ta ji, duka biyun. Na tambayi abin da ya hana ta amsawa, ina fatan ta ce ƙarfi ne babu, ko kunyar cikin fari ce. Sai ta ce da farko dai umarnina ne ya hana ta, da Balki ta dawo kuma muryar ta ƙi fita. Ba da fushi ta faɗa ba, tana ɗaure kayanta ne kawai.

Ina zuwa ofis, ina dawowa, ban san me nake yi ba. Takarda biyu na aika mata, ba amsa.

Don Allah ki daure da gwiwar nan ki je ki gano mini ita. Kada ki roƙe ta ta dawo, ba ni da fuskar neman wannan. Ki dai duba mini ko tana cin abinci.

Ki gaida Malam.

Ƙaninki,
Yusha'u.