Ginshiƙin Inna

Ammariyya, Jidda
Zulƙida, 1433

Zuwa ga Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da mutanen Zariya. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar Inna da ta ƙi ta.

Kin tambayi labarin autanmu Husaini. Babu, Yaya. Shekara ta huɗu ke nan tun da ya fita neman aiki ba iƙama, wato takardar izinin zama, ko wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu kuwa, har masu gadi sun gaji da ganin fuskata.

Inna dai tana nan kan bakanta. Kin tuna ƙa'idar gidanmu tun daga Kaka, da ya zo ƙasar nan a ƙafa ta hanyar Sudan: duk wanda ya ɓace a Makka ya tafi tsohon ginin Turkawa na Harami, ɓangaren Safa, ya tsaya jikin ginshiƙin marmara mai tsagi, ƙarƙashin ƙananan kubbobin nan. Ke ma can aka tsince ki kina yarinya, kina ta kuka da majina. To, duk Juma'ar farkon wata sai na kai Inna wurin ginshiƙin. Ta jingina da shi tun hantsi har la'asar, tana kallon fuskokin samari. Ta ce Husaini ko sunansa ya manta, ba zai manta wurin ba. Ni kam haushi nake ji, wallahi, amma ina kai ta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ana cewa bayan Hajji za a cire wannan ginin don a faɗaɗa wurin ɗawafi. Ban gaya mata ba.

Ki gaida kowa. Taki,
Zubaidatu

Ammariyya, Jidda
Safar, 1434

Yaya Rabi'atu,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin maigida? Allah ya ƙara sauƙi.

Halas, shi ke nan, abin ya faru. Mun je Juma'ar nan muka tarar an kewaye ɓangaren da allunan katako, ƙarar inji kamar kan mutum zai tsage. Na leƙa ta wata kafa. Kubbobin babu, ƙofofi masu bakan gizo da aka rubuta sunayen Sahabbai a samansu babu, sai sarari. Wani ma'aikaci ɗan Nijar ya ce mini ana kwance duwatsun a ajiye, wataƙila a sake ɗora su nan gaba. A ina? Bai sani ba. Ginin da ya tsaya tun zamanin sarakunan Usmaniyya na Turkiyya, Yaya!

Na san jama'a sun yi yawa, ni ma an sha take ni a ɗawafi. Ban ce kada a faɗaɗa ba. Amma da kin ga Inna. Ta bi katakon nan tana shafawa da hannu, tana lissafin inda ya kamata ginshiƙin ya kasance. Inda ta tsaya ashe hanya ce, masu keken guragu suna ta yi mata yalla, yalla, wai ta matsa. Na ja ta gefe, ta fizge, ta koma. Har muka hau mota ni ce ke ta kuka kamar wata sakara.

Na zaci za ta ce mu koma wata mai zuwa, har na shirya faɗan da za mu yi. Jiya da safe sai ta kira ni, ta ce ba sai mun sake zuwa ba. Ta sa na ɗauko akwatin Husaini, ta ce in wanke kayansa in raba sadaka, in kuma kira Malam Abdulghaffar ya yi masa addu'a irin wadda ake yi wa mamata.

Na wanke su, suna kan igiya. Shekara huɗu ina roƙonta ta haƙura, yau ta haƙura, ni kuma na kasa sauke su.

Ki sa mu a addu'a. Ƙanwarki,
Zubaidatu