Tagogin Hamadu a Kan Tsakar Gidana

Litinin, 9 ga Maris 2015

Hamadu ya sauke bulo da yashi a lungu, sai da na tattare zane na bi gefen lambatu kafin na shigo gida. Na tambaye shi, ya ce, "Ɗan gyara ne, Yaya Kulsum, kwanon ne yake zuba." Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninmu, tun yana tura albasa a baro. Shi ya riƙe makarar maigidana ta gaba. Na ce Allah ya sa albarka.

Alhamis, 19 ga Maris

Ba gyara ba ne. Sun yaye kwanon gaba ɗaya sun zuba kankare. Bene zai yi.

Asabar, 4 ga Afrilu



Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, a tsakar gida muke mata wanka, ni da 'yata Fauziya, a kan kujerar roba kusa da famfo. Banɗakinmu ba ya ɗaukar mutum uku. Yau da hantsi na kwance mata zane, na sa mata sabulu a ka, sai na ga idonta ya tsaya a sama. Na waiwaya. Magini ne tsaye a kan sabon ginin da bulo a hannu. Ya kau da kai da sauri, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya gani.

Inna ta dinga jawo zanen da hannun da yake aiki, yana suɓuce mata. Matar da ko almakashi ta ara a maƙwabta sai ta yafa mayafi. Ba ta ci tuwo ba yau. Ta juya fuska bango.

Lahadi, 19 ga Afrilu

Na tare shi a ƙofa bayan la'asar. Ya sunkuyar da kai ya ce ƙanwarsa Mairama ce za ta zo daga wani ƙauye kusa da Kolofata, can arewacin ƙasar nan. An shiga garinsu, an kashe mijin, an ƙona gidaje. Wata uku tana raɓe a gidan mutane a Mora da 'ya'yanta mata biyu. Shi kuma ɗaki biyu gare shi da yara huɗu, ina zai sa su in ba sama ba?

Na tausaya, Allah ya sani. Na ce abu ɗaya nake roƙo, kada a buɗe taga ta ɓangarenmu. Ya ce, "Haba Yaya, Inna ai uwata ce."

Talata, 5 ga Mayu

Taga biyu. Biyu! Ɗaya daidai kan famfo.

Wai ɗaya gefen bangon gidan burodi ne, ba ta inda iska za ta shiga. Wai zai sa labule. Labulen da yake hannun na ciki, shi zai ɗaga lokacin da ya so.

Laraba, 27 ga Mayu

An zauna a gaban mai unguwa. Na ce a tambaye shi ko yana da takardar izinin gini daga meri, ofishin magajin gari. Mazan da ke wurin har da masu murmushi. Wani ya ce duk unguwarmu ta New Bell a nan Duwala a nuna masa gida goma masu takarda. Mai unguwa ya yanke cewa Hamadu ya toshe rabin tagogin na ƙasa bayan sallah, ni kuma in yi haƙuri, maƙwabtaka ta fi gini.

Kullum ni ce mai haƙuri. Da maigidan yana raye da ba a ɗora bulo ɗaya a kan katangar nan ba.

Na ɗaura tampol a kan famfo. Ruwan jiya ya taru a ciki ya yaga shi.

Juma'a, 19 ga Yuni

Azumi na biyu. Sun iso tun shekaranjiya. Ita Mairama doguwa ce, ramammiya, Hausarta sai da Fillanci a ciki. Ta aiko da kunu, na karɓa na ajiye. Ƙaramar 'yar, ba za ta wuce shekara shida ba, wuni take maƙale a tagar nan. Duk inda na juya idonta na kaina. Ko kallabi ba na iya cirewa a gidana, cikin zafin nan.

Ga ruwan sabon kwanonsu kai tsaye cikin madafata yake sauka. Gawayi ya jiƙe, da ƙyar muka yi buɗa-baki.

Litinin, 6 ga Yuli

Inna ta ƙi fita tsakar gida sam. A ɗaki muke goge mata jiki da tsumma. Yau na ga gyambo ya fara a kwankwasonta. Malamar asibitin da ta duba ta ce iska da rana take buƙata, a riƙa fito da ita.

Na je na sami Hamadu na ce ba zan jira sallah ba. Ya ce ba zai iya toshewa yanzu ba, akwai dalili. Na ce wane dalili?  Matarsa Rakiyatu ta ɗaga murya daga ciki, wai ai ba zinariya muke wankewa a tsakar gidan ba.

Na dawo na sa Fauziya ta ɗauko takarda, ita ce mai Faransanci. Muka rubuta komai: ginin ba izini, tagogin, ruwan, rashin lafiyar Inna. Da ta gama na ce ta ƙara cewa ya ajiye wasu mutane daga arewa waɗanda ba wanda ya san su.

Ta ajiye biro. "Mama, wannan ba maganar gini ba ce."

Na ce rubuta. In ba a sa ba, takardar za ta shekara a ƙarƙashin wasu takardu.

Ta rubuta. Gobe zan hau benskin, babur ɗin haya, in kai ofisoshin hukuma na Bonanjo da kaina.

Asabar, 18 ga Yuli

Sallah. Ba su aiko ba, ban aika ba.

Alhamis, 23 ga Yuli

Jiya bam ya tashi a Marwa, can arewa. Tun safe gari ya canza, ana tare motoci, ana duba katin shaida, duk mai dogon mayafi ana binta da ido.

Da hantsi suka zo. Mutum biyu na meri da gwangwanin jan fenti, sai jandarmomi huɗu. Ni masu fentin kawai nake jira. Suka zana babban kuros, alamar rushewa, a jikin benen, suka ba shi kwana goma sha biyar ya sauke shi. Sannan aka fito da kowa waje aka ce takardu. Mairama ba ta da ko ɗaya, duk sun ƙone da gidan. Hamadu ya ce shi za a tambaya, shi ya kawo ta. Sai suka tafi da shi.

Ina leƙe ta kafar ƙofa. Yarinyar nan ta taga, da ta ga bindigogi, ba ta yi kuka ba. Ta kwanta ruf da ciki a cikin caɓi ta rufe kai da hannu biyu. Uwar na ɗaga ta tana komawa.

Juma'a, 24 ga Yuli

Bai dawo ba. Fauziya ba ta yi min magana tun jiya sai gaisuwa.

Ni gini na kai ƙara.

Asabar, 25 ga Yuli

Ina ba Inna koko ta riƙe min hannu. Bakinta ba ya fita sosai yanzu amma na ji sarai. "Ke ce?"

Na ce Inna don ke na yi.

Ta sake ni. Ta ce, "Kada ki ɗora min."

Litinin, 27 ga Yuli

Na je. Tun bakwai nake zaune a benci a ofishin jandarmomi har azahar. Wanda ya karɓe ni ya jawo takardata daga cikin wata jaka ya shimfiɗa a gabana, ga sa hannuna a ƙasa. Ya ce, Madam, ba ke kika ce ba a san su ba?

Na ce ni ce. Na ce maganar gini gaskiya ce, layin ƙarshe fushi ne. Na san mutumin nan shekara ashirin da biyu, na san sunan uwarsa, ƙanwarsa kuma gudun mutuwa ta yi. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce na san abin da layi ɗaya yake jawowa a irin wannan lokaci? Aka sa na maimaita a rubuce, mai unguwa ma ya zo ya sa hannu.

Kafin magariba suka sako shi. Ina tsaye a ƙofa ya wuce. Rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa. Bai dube ni ba, bai kuma kau da kai ba, kamar dai ba kowa a wurin.

Na tambayi na meri ko za a iya janye maganar rushewa. Suka ce wannan ta riga ta fita daga hannuna.

Asabar, 8 ga Agusta

Da hannunsa ya rushe, shi da magini, don a tsira da bulon. Kwana uku ina jin guduma. Kowane bugu a ƙirjina.

Yau rana ta ɗan leƙo, muka fito da Inna muka yi mata wanka a famfo. Ba kowa a sama sai gajimare. Abin da nake so ke nan tun Afrilu.

Ta bayan katanga ina jin su. Mutum tara a ɗaki biyu, kankaren da aka farfasa yana zuba, Rakiyatu na faɗa a kan wurin shimfiɗa.

Lahadi, 16 ga Agusta

Fauziya ta tafi unguwar Ndogbong wajen suna. Ina juya Inna ta zame daga gado, ta faɗi tsakanin gadon da bango. Na ja, na ja, na kasa. Na yi ta kira ta kan katanga, Rakiyatu! Rakiyatu! Na san tana ji.

Mairama ce ta shigo, ko takalmi babu.  Ta zura hannu ƙarƙashin hammatar Inna, ta nuna min in kama gwiwa, sau ɗaya muka ɗaga. Ta duba gyambon, ta naɗe zane ta tokare bayan yadda nauyin ba zai sauka a wurin ba. Ashe shekara huɗu ta yi jinyar surukinta.

Da za ta fita na ce ta tsaya, ban ma san me zan ce ba. Ita ta yi maganar. Ta ce ta san ni na kai takarda. Ta ce ita ba ta taɓa leƙa gidana ba, Allah shaida. Ƙaramar ce. Tun ranar da aka cinna wa ɗakinsu wuta suna ciki, yarinyar ba ta iya zama a inda ba ta ganin waje, sai numfashinta ya ɗauke. Shi ya sa yayanta ya kasa toshe tagar. Ya kuma kasa faɗa min, don kada unguwa ta ce yarinyar ta taɓu.

Na ce me ya hana ki zo ki gaya min?

Ta ce, "Na aiko kunu, Adda. Ba a maido kwano ba."

Kwanon yana nan kan kantar madafata. Wata biyu.

Laraba, 19 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Na ji sun kwana biyu suna kwashe ruwa da bokiti.

Asabar, 29 ga Agusta

Na mayar da keken ɗinki ɗakina tun Talata. Can ma ya fi haske, na daɗe ina son in yi hakan. Ɗakin ɗinkin kuma in an bar shi a rufe fumfuna yake yi, gara a ce da mutum a ciki, sai na sa Mairama da 'ya'yanta. Ƙofarsa tana kallon tsakar gida, a buɗe suke barinta saboda yarinyar.

Na gaya wa Mairama zuwa ƙarshen damina ne, kuma don Inna ne, tunda ta fi ni iya juya ta. Gyambon ya fara bushewa ta gefe.

Hamadu bai gaishe ni ba har yau. Ta hannun matarsa ya aiko da tabarminsu, ita ma a bakin ƙofa ta ajiye ta juya. Ban ga laifinsa ba. Ban kuma ce na yafe maganar alkawarin da ya karya ba, wannan daban.

Fauziya ta tambaye ni yaushe ne ƙarshen daminar, wai don ta sani. Na ce ta je ta duba tukunya. Ita ma ta san daminar Duwala takan ja.