Hannun Orval

Litinin, 5 ga Agusta

Maganin da zai kawo ƙarshen ran mijina ya iso gida. Likita ta ce dokar jiharmu ta Oregon ɗaya ce: Orval ne zai sha da kansa, ba mai ɗura masa. Ga shi ciwon jijiyoyin nan ya cinye hannunsa na hagu, ya fara lasar na dama. Ya ce gara ya tafi tun yana iya ɗaga kofi. Na ce zunubi ne. Ya ce, "To ki rufe ido, tsohuwa."

Alhamis, 15 ga Agusta

Shekara arba'in muna tare, ban taɓa girbin tuffa babu shi ba. Na roƙe shi ya tsaya zuwa Oktoba. Ya ce in hannu ya yarda. Kullum da safe ina matsa masa yatsu, in cika kofi da ruwa, in tsaya a kansa. Wai na fi sajan ɗin soja mugunta.

Asabar, 24 ga Agusta

Kofin ya suɓuce, ya jiƙa masa wando. Ya zaɓi Laraba zai sha maganin. Na shiga rumfar ajiye tuffa na yi kuka har na gaji.

Litinin, 26 ga Agusta

Na yi nasara! Na buga wa likita waya, na ce in ya tsotsa da bututun roba fa? Ta ce ai shi ya sha, doka ba ta hana ba. Ƙaninsa Duane ya ɗaure kofi a jikin kekensa na guragu da wayar shinge. Orval ya zuƙe ruwan gwajin tas, ya yi gyatsa. Duane ya ce, "Yaya, ka koma ɗan maraƙi." Ya fasa Larabar. Na soya naman barewa, har rawa na taka a kicin.

Lahadi, 15 ga Satumba

Yana nan. Yana zagin tsuntsaye ta taga.

Laraba, 9 ga Oktoba

Girbi. Mun tura shi tsakanin itatuwa, bargo a gwiwa, yana ta ba masu tsinka umarni kamar ba su taɓa ganin tsani ba. Na kankare masa tuffa da cokali. Ya ƙware, ya yi ta tari, duk da haka ya ce ƙaro. Haɗiya ta fara gagara. Na gani, ya ga na gani.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau. A baranda, rana na dukan ƙafafunsa. Ban rufe ido ba. Ya shanye da kansa, ya yamutsa fuska, ya kira sunana, ya ce, "Wanda, ko miyarki ta farko ba ta kai wannan muni ba." Sai barci.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na je coci. Fasto ya ce mu roƙa wa Orval gafara. Na sunkuyar da kai da niyyar roƙon, sai na ji bakina godiya yake yi. Ban gyara ba.