Kuzar Baba a Kwalin Ashana

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin ƙasar mutane? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Laranto lafiya, sai dai jikin Baba.

Na karanta masa wasiƙarka. Da na zo inda ka ce ba za ka zo bana ba, saboda sai yanzu layi ya zo kanku a na'urar gwajin, sai ya tsayar da ni. Ya ce, "Wai me yake aunawa ne?"

Na yi masa bayani yadda nake yi wa ɗalibaina: kuna harba ƙwayoyin zarra kan siririn fallen kuza, su girgiza cibiyar zarrar, ita kuma ta fitar da haske. Daga hasken da yadda ƙwayoyin suka watsu kuke gane siffar cibiyar da yadda lantarki ya rarrabu a cikinta.

Ya ce, "Kuza? Shekara talatin ina haƙar ta, ba ta taɓa ce mini uffan ba." Ya sa na ɗauko kwalin ashanar da yake ajiye kuzarsa a ciki, wai ka gwada tasa. Na san ba za ta yi muku ba, amma na kasa faɗa masa. Ga shi nan na aiko.

Yaya, ƙafafunsa sun kumbura, ko kunu da ƙyar yake sha. Jiya ya ce, "Abin da ido ba ya gani ya samu Sani. Ni da ake gani fa?"

A taya mu da addu'a, a gaishe da yara. Kuza za ta jira ka. Baba kuwa, ban sani ba.

Ƙanwarka,
Hadiza