Kurungu Ya Bar Akwatin Gilashi

Dela,

Wa ke cin ɗiyan kifin gargazata da ke akwatin gilashi? Tun asuba nake juya tambayar nan, ban sami amsa ba.

Ran Laraba su talatin da biyu ne, suna bin uwarsu a bakin kaskon da ta yi ƙwai a ciki. Yau saura tara. Jiya na ce ke kika kwashe su da ludayi garin sake ruwa. Kika ce kurungun nan ne, in fitar da shi daga akwatin gilashin. Na ce ba zan hukunta kifin da ban kama da laifi ba, balle wanda na ɗauko tun daga Dahome.

Sai da kika tafi rijiya na lura, shi na nema masa shaida, ke ban nema miki ba. Ki yi haƙuri.

Har yanzu zuciyata ba ta wanke kowa ba. Cikin kurungu ya ɗaga. Amma uwar ma na ga tana ɗibar ɗiyan a baki, ban tabbata duka take furzarwa ba. Ni kuma kullum sai na ɗaga kaskon na leƙa, wataƙila ni ke firgita ta.

Kada kowa ya taɓa ruwan yau.

Masu jirgin fito ba sa jira, na wuce kasuwar Lolo. In kin nemi bokitinki, yana hannuna da kurungu a ciki. A tsakiyar kogin Kwara zan sake shi.

Bunyaminu