Silinda Takwas a Taɓon Agege

Daren Laraba, damina

Yau Oga ya gwada ni a babbar motarsa. In na ci, na bar gadi na zama direbansa. Silinda takwas gare ta, adadin 'ya'yana, amma su ba mai kukan yunwa. Ina tuƙi kamar gajimare ya goya ni, har na hango kaina a ƙauyenmu, gilas a rufe.

Sai taɓo ya riƙe ta. Na cusa katako ƙarƙashin tayoyin gaba, yadda na saba da tsohuwar tasi.

Oga ya ce, "Malam Sale, ƙafar baya ke tura ta!"

Na koma baya, ya taka totur, na sha wankan laka. Ya yi dariya, ya ce gobe in karɓi makulli.

A gida, uwar yara na jiƙa rigar tana tsaki. Ni ban sauko daga gajimaren ba tukuna.