Jikin Baba da Sauƙi

4 ga Fabrairu

Yayata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Yaya jikin Baba?

Yau shekara biyu cif da ikkilisiya ta turo ni ƙasar nan koyarwa, har yanzu ni da rana ba mu gaisa da kyau ba. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa. Alli ya jiƙe, in na rubuta a allo sai ya bar layi kamar sawun dodon koɗi. Rufin ajina yana yoyo wuri uku, bokitinmu biyu ne, na ukun kwanon wanke hannu muka sa. Yara goma sha bakwai na tarar, yanzu saura sha ɗaya, iyaye suna kwashe su zuwa masana'anta. Ran Lahadi a ajin nan muke sujada, mu bakwai, mu ture tebura gefe. In ina rera waƙa da harshensu sai su sunkuyar da kai. Na ɗauka tsoron Allah ne, ashe dariya suke ɓoyewa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shugabar makaranta, wadda muke kira Agogo don ba ta san uzuri ba, ta ba ni zaɓi: ko in tafi hutu ƙarshen watan gobe, ko in tsaya sai yarana sun rubuta jarrabawa a Yuli. Babu mai riƙe mini ajin, in na tafi yanzu shekararsu ta zube. Amma a Kirsimeti kin ce ƙafafun Baba sun kumbura har ya sakar wa wani igiyar ƙararrawar majami'a, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara talatin. Ki faɗa mini gaskiya, Yaya. A kan amsarki zan yanke shawara.

Ina ɗan tari saboda sanyi, amma da sauƙi.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya tsare.

Ƙanwarki,
Auta

1 ga Maris

Auta sarkin ƙorafi,

Muna gaishe ki da kyau, duk muna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Baba sau biyu. Da na kai wurin waƙar nan ya yi dariya har da hawaye. Ya ce dama tun kina cikin mawaƙan majami'a layin baya ake sa ki, kuma ba don tsayi ba.

Jikin Baba da sauƙi. Yana ɗan cin abinci, yana zama a ƙofar ɗaki da hantsi, yana kushe sabon mai ƙararrawa, wai yana buga ta kamar mai korar awaki daga gona. Wanda yake da ƙarfin faɗa ai ba a fid da rai da shi. Ki zauna ki gama abin da ya kai ki. Yuli kamar gobe ne.

Tarin nan kuma ki riƙa rufe ƙirjinki, na san halinki da yawo ba rigar sanyi. Ga hannun Baba a ƙasa, kamar kullum.

Yayarki

Auta, ƙararrawa ba ta sauka daga hasumiya don masu zuwa sun ragu. Ki tsaya. Ubangiji ya riƙe ki. Babanki.

20 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wasiƙunki biyu na Afrilu sun same ni, na gode.

Na tsaya, kamar yadda kuka ce. Yara saura tara. Makon jiya wata uwa ta zo ta ɗauke 'yarta, wadda ta fi kowa kai a ajin. Na bi ta har ƙofa ina roƙo, ta juyo ta ce, "Malama, karatunku zai cika mata ciki?" Ta ja hannun yarinyar suka tafi. Kada ki karanta wa Baba wannan: kwanakin nan addu'ata ba ta wuce rufin kwano. Ina durƙusawa da safe don na saba, ina tashi yadda na durƙusa. Kewar gida ta cika mini ciki, na gaji ƙwarai.

Agogo ta tambaye ni jikin Baba, na yi ƙoƙarin juya mata "da sauƙi" da harshensu. Ta ce, "Wato ya warke?" Na ce a'a. Ta ce, "Wato yana nan yadda yake?" Na ce ba haka ba ne kuma. Ta ce, "To mene ne?" Ta gyara tabarau ta ce harshenmu ladabi ya yi masa yawa.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Babu hannun Baba a wasiƙunki biyun nan. Kin ce barci yake yi lokacin da za ki rufe ambulan. Har sau biyu, Yaya? Baban da ba ya yarda zakara ya riga shi tashi?

An ba ni ranar tafiya, sha takwas ga Yuli. Na saƙa masa safa ta ulu, mai faɗi, don ƙafafun. Tarin yana nan, amma da sauƙi.

Ki gaishe shi, ki sa ya rubuta ko da layi ɗaya ne.

Ƙanwarki,
Auta

12 ga Yuni

Auta,

Ina gaishe ki, amma ban san yadda zan fara ba. Baba ya huta. Ran Talata, biyu ga wata, da la'asar. Mun sa shi kusa da Mama. Wasiƙarki mai maganar safa ta iso kwana biyar bayan haka, na zauna a ƙofar ɗakinsa na karanta ni kaɗai.

Laifina ne, ba zan ɓuya a bayan gawa ba. Tun Fabrairu likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, 'yan watanni ne. Baba ya ji. Ya kama hannuna ya ce, "Kada ki kira mini ita. Na ba da ita ga Ubangiji, ba a ba da kyauta a koma karɓa." Layin nan da ya rubuta miki a Maris, ni na tallafe masa gwiwar hannu. Na ce a raina ai ban yi ƙarya ba, da sauƙi kawai na ce. Duk garin nan haka muke cewa. Haka muka ce a kan jikin Mama saura kwana biyu ta rasu, kina nan, ke ma kin faɗa wa fasto da bakinki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen. Kwana uku kafin ya tafi ya manta da hanin da ya yi. Ko wace mota ta tsaya a titi sai ya ɗaga kai ya ce, "Auta ce?" In ce tukuna, Baba. Ya ce, "To, ruwa ne ya tsare ta." Ran Lahadin ƙarshe ya ji ƙararrawa, bai kushe ba. A nan na san ya gama.

Ki yafe mini in kina iyawa. In ba kya iyawa yanzu, zan jira.

Sai abu ɗaya. Na sake karanta wasiƙunki duka. Tari tun Fabrairu, har Mayu, kuma sau biyu kin rubuta da sauƙi. Ni na san abin da nake nufi lokacin da na rubuta kalmar nan. Don Allah, don darajar Baba, yaya jikinki?

Yayarki

5 ga Yuli

Yaya,

Na gaishe ki. Allah ya ba mu haƙuri.

Babu abin da zan yafe miki. Gida ɗaya muka tashi, na san ma'anar kalmar tun ranar da na karanta ta. Na zaɓi in gaskata ki ne don na rame ƙwarai, ban so Baba ya ga abin da ya ba Ubangiji ya dawo haka ba.

Mako uku ke nan ban tsaya gaban allo ba. Agogo ce take riƙe ajin, ita ce kuma take kawo mini abinci. Likita ya ce huhu ne, duka biyun.

Babu sauƙi, Yaya. Ina tafe ran sha takwas. Ki zo tasha da wanda zai riƙe ni.

Auta